Ƙasa da Sifili

Ran Talata, a Sankara ta ƙasar Ringim,
allina ya rage kamar ƙwayar gyaɗa,
na rubuta: uku a ɗebe biyar.
Aji ya yi tsit.

Tasi'u ya ce, "Malam, ba ta yiwuwa.
Awaki uku gare ka,
ina za ka samo biyar ka kai kasuwa?"
Dariya ta kai har bencin baya.

Sai na kwashe su zuwa rijiyar makaranta.
Na ce bakin nan shi ne sifili.
Reshen darbejiya gaba biyu sama,
ruwa gaba tara ƙasa,
guga kuwa ko'ina yana zuwa.
Suka leƙa.
Fuskokinsu suka leƙo su daga can.

Barira, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba
tun farkon zango,
ta ce, idonta na kan igiya,
"Kamar Baba ne.
Ya ci bashin buhu biyar,
gona ta biya uku.
Saura biyu, ba a rumbu suke ba,
a kanmu suke."

Na miƙa mata guntun allin.
Ta rubuta biyu a simintin rijiya,
ta ja masa ɗan layi a gefe.
Hannunta bai yi rawa ba.

Da yamma na tura babur, ba mai,
na kauce wa shagon Ɗan'azumi ta lungu.
Shi ma yana da littafi,
ya san gaba nawa na nutsa.