Ƙidayar Dare a Hindawiyya

Arba'in da takwas.
Na sake ƙirgawa, ido a kan agogon waya:
hamsin da biyu a minti guda.
Likita ta ce in ya haura talatin tana barci, in taso.
To ai ba barcin take yi ba.

Zare ta ƙi kwanciya tun bayan isha'i.
Ta durƙusa kan ƙyallaye, ƙarƙashin keken ɗinki,
wuya a miƙe, kafaɗu a buɗe,
ciki na zuga kamar na maƙeri
ga shi babu wutar da ke kamawa.
Baki a sake. Mage ba ta haki irin na kare,
in ka ga ta yi, abin ya kai inda ya kai.

Bahar Maliya na can bayan gine-gine,
tafiyar riyal goma sha biyar a tasi,
amma a nan take nutsewa,
kan busasshen siminti, tsakanin almakashi da alli.

Ranar Talata Dakta Awadiyya ta aske mata gefen haƙarƙari,
ta soka allura a hankali
yadda nake bi da siliki mai tsada.
Sirinji uku. Ruwa rawaya, ruwan shayin da bai ji ganye ba.
Ta ɗaga hoton ƙirji ga fitila:
inda ya kamata a ga baƙi, wurin iska,
duk ya yi fari.
Ƙari ne gaban zuciya, in ji ta, ƙwayar cutar jini ta haife shi.
Daga ina? Ƙila nonon uwa,
ƙila kwanon da suke tarayya a bayan kasuwar kifi,
ƙila lasar da 'yar'uwarta ke mata a kunne.
Ashe da ƙauna ma ana ɗauka.
Ba ta kama mutum, ta ƙara,
ta ga ina duban hannuna. Na ji kunya.

Kwana huɗu muka samu.
Ta ci kan sardin, ta hau tebur,
ta ture mini kwalbar maɓallai kamar da,
na tsince su ɗaya ɗaya ban yi tsaki ba.
Sannan ruwan ya san hanyar gida.

Gambo mai guga ya ce, Usta Ɗanjuma,
kuɗin jallabiya shida ka zuba a kan kyanwa?
Bakwai ne. Ban gyara masa ba.
Bai san shekarar da iƙamata ta mutu ba,
wata biyar ban leƙa titi ba,
ita ce kaɗai ke shigowa ba ta tambayi takarda ba.

Sittin.
Na kashe fanka, na kunna, ban san wanne ya fi mata ba.
Ɗauka ma ba ta so, hannu nauyi ne a ƙirjinta,
sai na kwanta a ƙasa, kamu ɗaya tsakaninmu,
ina jan numfashi a hankali
ko za ta ara.

Asibiti sai ƙarfe tara.
Likita ta ce akwai tambayar da za ta yi mini wannan karon,
in zo da amsa.
Ladanin masallacin lungu ya gyara murya a lasifika.
Kwandon na bakin ƙofa, na shimfiɗa ragowar shadda a ciki.

Hamsin da tara.
Zare, bari in sake ƙirgawa.