Daren Laraba a Iquique

Da safe na tsaga sararin Atacama,
ƙarfe yana ruri a ƙarƙashina,
hamada ta koma faifai mai launin jar kanwa.

Da dare ga ni ɗalibin kasuwanci,
kunnena bai bar ƙugi ba,
Malama Oyarzún tana tambaya daga Santiago:
ina riba take shiga idan aljihu ya bushe?

Na san man da zai kai ni teku ya maido ni,
har ɗigon ƙarshe.
Wannan lissafin kuwa ya raina galata.

Shayin da Ignacia ta ajiye ya huce.
Saura shekara uku in tuɓe kaki.
Komai nisan jifa, ai an san sauran.

Gobe tashin asuba.
Babi na tara ban ko buɗe ba.