Juma'ar Albashi a Toledo

Madara, ƙwai, burodi, maganin tarin jikana,
na jera su gaban yarinyar kanti.
Ta zura katina, na'ura ta yi tsaki.
Ta sake, ta saci kallon layin da ke bayana,
ta rage murya: "Yi haƙuri, ya ƙi."

Juma'a ce fa.
Da asuba albashi ya shiga, na gan shi a waya
tun ban cire farar rigar aiki ba,
ladan dare goma ina juya tsofaffi a gado
kada kwanciya ta cinye musu baya.

A banki wani mai suna Dombrowski
ya juyo min allon kwamfutarsa.
Ga su nan, dala dubu ɗaya da ɗari huɗu da sittin,
nawa ne, sai dai an ɗaure su.
Kotu ce, in ji shi,
an yanke hukunci tun Oktoba.

Wace kotu?
Ashe sammaci ya tafi Titin Lagrange,
gidan da na bari shekara uku.
An kira sunana sau biyu
a ɗakin da ban taɓa taka ba,
Halina Pruszynski, Halina Pruszynski,
shiru ya amsa,
shirun nan alƙali ya rubuta a madadin bakina.

Ban musa ba, na ci.
Na'urar ɗumama gida ta mutu a tsakiyar Janairu,
uwata ta bi ta a Maris,
kati ne ya sayi akwatin gawa.
Dubu biyu na ci.
Kuɗin ruwa suka haihu, 'ya'yan suka yi jikoki,
lauya ya ɗora nasa a kai.
Banki ya sayar da bashin, wanda ya saya ya sayar,
yau mai bina ko fuskata bai sani ba.

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.
Nawa aka zaro aka shanya a fili.

Dombrowski ya miƙo takarda:
in cike, ko alƙali zai saurare ni.
Biro ɗinsa ma na ara.

A mota na kakkaɓe aljihu da ƙarƙashin kujera,
dala shida da 'yan tsabobi.
Na koma cikin ƙanƙara na karɓi maganin tari.
Madarar tana gefen yarinyar,
ba ta mayar ba tukuna.