Labulen Kakata

Daren bazara a Kazan guntu ne
kamar wutsiyar akuya.
Kafin ka naɗe dardumar isha
gabas ta fara wanke fuska.

Kakata Gulsina ba ta runtsawa a tsakani.
Ƙarfe ɗaya saura tana tsaye a kaina,
tana jan babban yatsan ƙafata:
"Ilnur, tashi, shayi ba ya jiran malalaci."

Na ce ba na jin yunwa.
Ta ce, "Wa ya tambayi cikinka?
Ko kurɓin ruwa ne ka yi,
albarkar ba a cikin kwano take ba,
a cikin tashin take."

Shayi da madara, yana tururi.
Gasasshen burodi mai kusurwa uku,
nama da dankali a cikinsa.
Kindirmo a kwanon da bakinsa ya ɓantare.
Dabino uku, ta tura mini biyu.

Amma ba ta kai loma baki
sai ta yaye labule har ƙarshe,
ta kunna fitilar da ta fi kowace haske,
tagarmu ta zama wata a hawa na biyar.

Na taɓa cewa, "Kaka, kuɗin wuta fa?"
Ta daɗe tana juya cokali.

"Uwata a cikin duhu take sahur," ta ce.
"Bargo biyu a taga,
gutsuren burodi a ƙarƙashin matashi,
tana tauna a hankali
don bango ma yana da kunne.
Da safe a masaƙa ta riƙa ɗaga kofi
kamar mai sha.
Shekara talatin ba ta ga abin da take ci ba.
Bashinta nake biya, yaro. Ci."

Na ci.
Awa goma sha tara na gabana,
da motar haya da zan tuƙa
daga gadar kogi zuwa tashar jirgi,
rana tana bina kamar mai bin bashi.

Can tsallaken titi wata taga ta haska,
sai wata a ƙasanta.
Ba mu san sunansu ba.
Kakata ta ɗaga musu kofinta,
wannan karon da shayi a ciki,
ta shanye, ta dubi agogo,
ta ce, "Saura minti huɗu. Ƙara ruwa."