Birki

Shida saura kwata, ruwa na dukan tagogin Porto,
kogin Douro ya sha hazo har gada ta ɓace.
Na kunna fitilar ɗakin gwaji,
na gaida kwalabena da suka kwana rawa a injin girgiza.
Romon cikinsu ya yi kauri, ya yi ɗumi,
da tsamin miyar da aka manta a murhu.

A romon nan leburorina suke,
ƙwayoyin bakteriya, dubu sau dubu sau dubu.
Ba su san mutum ba, ba su taɓa ganin fuska ba,
amma na cusa musu layi ɗaya daga littafin jikin ɗan Adam,
suka karanta, ba musu, ba tambaya,
suka kwana ƙera abin da ba nasu ba.
A takarda p27 ne sunan furotin ɗin.
Ni birki nake ce masa.

A bakin babana na tsinci sunan.
Amílcar Vilarinho, shekara talatin da ɗaya
yana hawa tudu da taragon lantarki, yana gangarowa bakin kogi.
"Graciete," yakan ce, yana zare ƙayar gasasshen kifi,
"tafiya kowane wawa ya iya.
Gwaninta a tsayawa take."

Jiki ma haka yake, Baba.
Ƙwaya ta rabu biyu, biyu su koma huɗu,
amma kowace mararraba da mai jar tuta,
ya duba kaya, ya ƙirga, ya ce wuce, ko ya ce dakata.
Ran da gyangyaɗi ya sace mai tuta
ƙwaya ba mugunta take ba, gudu kawai take,
ta haifi mai gudu, mai gudu ta haifi mai gudu,
har likita ya ɗaga hoton hanjinka ga haske
ya faɗi kalmar da ta sa ka cire hula.
Sankara.

Na fasa leburorina, ban ko yi musu godiya ba.
Na tace, na wanke, na sake tacewa
a ɗakin sanyi, yatsuna sun zama itace.
Sau huɗu a watan nan ya guntse mini kamar madarar da ta lalace,
sau huɗu na zubar, na wanke kwalba, na yi shiru.
Yau lita shida ta ba ni ɗigo ɗaya,
bai kai hawaye ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba: wannan ba magani ba ne.
Tambaya ce kawai, mai sanyi, a kan ƙanƙara.
Na haɗa shi da furotin mai tura ƙwaya gaba,
mai gudu da mai tsayarwa a ƙoƙo ɗaya,
na zuba wa allon kwamfuta ido.
Lamba ta sauko. Ta ƙara saukowa. Ta kwanta.
Telmo ya leƙo ta kafaɗata, biredi a bakinsa,
ya ce, "Maimaita sau uku kafin ki yi murna."
Gaskiyarsa. Haushinsa ma na ji.

Tsakanin ɗigon nan da gadon asibiti
akwai shekarun da kai ba ka da su.
Na sani. Kai ma ka sani, ba ma faɗa.

Da yamma na same ka kana kallon silin,
lemon da na kawo shekaranjiya yana nan ba a ɓare ba.
"Ya kama?" ka ce.
"Ya kama, Baba. A kwalba dai."
Sai hannunka ya motsa a kan bargo,
yana murɗa wani ƙarfe da ni ba na gani,
a hankali, a hankali, kamar a gangaren da ya jiƙe.
"Kar ki fizge shi," ka ce, ido a rufe.
"Akwai fasinja a tsaye."