Kwatan Juyi

Bayan la'asar aka ɗauke wuta,
shagon Tanimu ya yi tsit a Ƙofar Marusa.
Na sauke ganguna uku daga ƙafafunsu na ƙarfe,
na jera su bisa tabarma
kamar ƙoren da aka gama damu a ciki.

Jiya a wurin biki sun ba ni kunya.
Ƙaramar tana ƙara kamar gwangwanin madara,
ta tsakiya tana magana ta hanci,
babbar kuwa, mai tsayuwa da ƙafarta,
gunaguni take, sai ka ce an hana ta bashi.

Ɗan makulli ne a hannuna, bai kai yatsa ba.
Noti shida a bakin kowace.
Ba a bin su a jere, in ji Tanimu:
in ka murɗa na gabas, tsallaka ka gaida na yamma,
kada wani ya ce an fifita wani.
Kwatan juyi. Tsaya.
Danna tsakiya da tafi har robar ta ce ƙas,
ƙwanƙwasa gefe-gefe,
ka saurari wanda ke ƙarya.

Kullum akwai ɗaya.
Mai tsatsar nan, kusa da hatimin kamfani.
Na ɗiga masa man keke, na lallashe shi.

A bakin ƙofa kakana Barmo ke zaune.
Shekara arba'in yana wa mahauta kalangu,
yanzu kunne ya tafi, ido na bin sawunsa.
Ya ce, "Mi kake wa tukwanen ga?"
Na ɗaga murya na ce, ɗauri.
Ya yi dariya har tari ya karɓe ta.
"Mu da hammata muke ɗauri.
Tsarkiya ta ji haƙarƙari, fata ta yi magana.
Taku sai an kira makanike."

Ban tanka ba.
Na kife ta tsakiya, na koma fatar ƙasa,
wadda ba a duka, ba a gani,
amma ita ke riƙe da wutsiyar amo.
In ta yi sanyi, sauti ya zube kamar kunu,
in ta cika tauri, ya mutu a maƙoshi.

Sai na ji jan gindi bisa siminti.
Tsohon ya matso,
ya ɗora tafinsa a jikin katako
yadda ake taɓa goshin mai zazzaɓi.
"Buga."
Na buga.
"Saki wannan. Ƙara. Kai, ya yi yawa.
Ɗame ƙaramar, ba ta farka ba."

Muka daɗe a haka,
ni da kunne, shi da tafi,
har ladan ya fara gyaran murya,
har mai ƙosai ta hura wutarta a tsallake.

Sannan ya nuna da haɓa:
"Ta tsakiya. Ƙarama. Babba."

Na bi.
Tsaka, sama, ƙasa.

"Kuma."

Tsaka, sama, ƙasa.
Gashin jikina ya miƙe, don na ji abin da suka ce.
Ta-sal-la.
Mai fura a bayan rumfar mahauta,
wadda ya kira da kalangu damina biyu
kafin ta yarda ta waiwaya.
Bana shekara tara da muka kai ta makwanci.

Bai ce komai ba.
Ya janye hannu, ya shafa a riga,
ya tambayi ina butarsa.

Da dare mai jita ya harare ni,
wai gangunana ba su hau layinsa ba,
in ƙara wa babbar ko kwatan juyi ne.
Na laluba aljihu, makullin na nan.
Na ce na manta shi a shago.