Ƙarƙashin Fijo, Kafin Ruwan Fari

Hadari ya fara haɗuwa a bayan dutsen Tingelin,
Binuwai na kwance, rairayi ya fi ruwa yawa.
Na shimfiɗa kwali, na shige da baya
kamar yadda Baba Sali yake shiga
tun ina mai riƙe masa tocila.

Fijo ce, ɗari huɗu da huɗu,
ta girme ni da shekara tara.
Masu wucewa a Yelwa sukan tsaya su shafa ƙofarta,
su gyara zaman hula a gilashinta,
su ce, kai, sabuwa fil!
Ba wanda ya taɓa durƙusawa.

Tsatsa ba ta sallama.
Ba ta da ƙara irin ta salansa,
ba ta kukan birki.
Laka take bi, ta maƙale a bayan taya,
ta sha raɓa, ta yi shiru,
tana cin ƙarfe kamar gara a azara.

Shekaranjiya na wanke cikin da ruwan rijiya,
na ƙwaƙule lakar bara da tsinken keke,
na buɗe ƙananan kafofin da ruwa ke tsiyaya.
Kwana biyu ta sha ranar Garwa,
wadda ba ta barin jiƙe a jikin komai.

Yau ranar guduma ce.
Ƙwan, ƙwan, ƙarfe mai lafiya yana amsawa da zaƙi.
Ƙwan, ƙwan. Sai kuma ɓus,
can ƙarƙashin but,
inda Baba ya yi shekaru yana loda kanwa daga Kuseri
da buhunan banda daga Lagdo.
Kanwar ta biya kuɗin makarantata,
ita ce kuma ta fara lasar wannan ƙarfe.

Na sa babban yatsa. Ya wuce.

A jikin doguwar sandar casis akwai zanen ƙusa,
kowace shekara layi ɗaya, in ya gama aiki.
Ashirin da shida nasa ne, a miƙe.
Biyar nawa, a karkace.
Tsakaninsu akwai fili kamar wushirya:
daminar da muka yi a asibiti,
da wadda ta biyo baya,
lokacin da ko tamfol na kasa ɗagawa.
Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga.
Na san wanda ya tsaga wannan.

Hamajoda mai walda ya zo da azahar,
ya yanke ruɓaɓɓen har inda ƙarfe ya yi fari,
ya ɗinke da faci, bai ce mini komai ba,
kuɗin ƙarfen kawai ya karɓa.

Sauran nawa ne.
Burushin waya, sannan samfefa,
jan gari yana zuba a gemuna, a haƙorana,
ɗanɗanonsa kamar na jini.
Jan fenti shafi biyu, a bar shi ya sha iska,
baƙin fenti a kai.
Giris a kan kowane noti, a tsakanin ganyen sifirin.
Inda hannu ba ya kaiwa, cikin ƙarfe mai rami,
na ɗura mai da tsohuwar sirinjin shanu
har ya ɗigo ta ɗaya gefen.

Wani alhaji daga Ngaundare ya taya ta sau uku.
Ko sau ɗaya bai tambayi cikinta ba.

Jenabu ce ke riƙe tocila yanzu,
shekararta takwas, hannunta na rawa,
tana haska kunnena maimakon ƙarfen.
Ta ce, Abba, wa zai ga fentin nan?
Na ce, ruwa.

Iska ta kaɗa ganyen dalbejiya,
ɗigon farko ya buga rufin kwano.
Na lalubo ƙusa a aljihu.
Ta ce in ba ta.
Layinta ya fi nawa karkata.